Na Goma Sha Ɗaya

Oktoba ta kama, zafin Jidda ya ɗan sassauta,
muka sauko da tabarma daga rufin motar Shibu,
muka shimfiɗa a fegin bayan rumbunan Kumra,
inda tireloli ke kwana, kyanwoyi ke sarauta.
Turaku uku nan, turaku uku can.
Tufail ya auna tsakaninsu da ƙafa,
wai igiyar awo ƙarya take yi.

Ni ba ɗan wasa ba ne.
Tankar ruwa nake ja, rubutuna ne ke da kyau,
shi ya sa aka ba ni littafi da biro biyu
da kujerar roba mai ƙafa uku da rabi.
Kurket? A Gumel ko sunansa ban taɓa ji ba.
Shekara huɗu ina ɗiga ɗigo a takarda
kafin na gane ɗigo ma magana ne:
an jefa, an tare, ba wanda ya motsa.

Juma'a goma sha huɗu, daga sallame asuba
zuwa lokacin da za a yi wankan masallaci.
Mun ci 'yan tashar jirgin ruwa.
Masu kantin magani suka yi mana dukan sakwara,
har Mokbul ya ƙi taɓa shayinsa.
A Nuwamba sama ta tsage, fegi ya zama tafki,
muka zauna cikin mota muna yagar tamis,
na rubuta: ruwa ya ci kowa.

Janairu kuwa watan Tufail ne.
Yatsun da walda ta gasa
su ke murza jar ƙwallo ta faɗi nan, ta ɓulla can
kamar kuregen da ya ga kare.
Mutum shida ya kora a safiya guda,
bai yi ihu ba, hularsa kawai ya gyara.

Sai kamfani ya ce kwangila ta ƙare.
Igama ba ta san ana gasa ba.
Muka raka shi filin jirgi daren Talata,
ya bar mini takalmansa a leda,
ya ce: ajiye, wani zai zo.

Ranar wasan ƙarshe kafilin Piyal ya kira shi aiki.
Aka ƙirga, goma. Aka sake, goma.
Shibu ya dube ni, ya dubi ledar.
Na ce ina da shekara hamsin da biyu da ciwon gwiwa.
Ya ce sandar ba ta tambaya.
Na miƙa wa ɗana Tasi'u littafin.

Saura jifa huɗu, muna neman tara,
mutum tara sun fita, aka ce Ilu, bismilla.
Takalmin ya yi mini yawa, na cusa jarida.
Ashe daga kujera ƙwallo tumatir ce,
a gaban turaku kuwa dutse ce mai fushi.
Ta farko iskarta kawai na ji.
Ta biyu na rufe ido na miƙa sanda,
ta goga gefe, ta gangara inda ba kowa.
Gudu! in ji Mokbul da harshe uku,
na kwasa, jarida na fita ta diddige,
na faɗi rub da ciki, na ci ƙasa, na kai.

Jifa na gaba turakun Mokbul suka watse.
Da bakwai aka ci mu.

Mun naɗe tabarma kafin kiran salla,
zafin Maris ya riga ya fara cizo.
Sai dare na buɗe littafin.
A layin ƙarshe, da rubutun Larabcin 'yan makarantar nan,
yaron ya sa: Baba, ɗaya, bai fita ba.
Na ɗauki hoton shafin na tura Siyalkot.
Can wajen ƙarfe biyu amsa ta zo:
Takalmin fa, ya matse ka?