Ba Haka Ya Faɗi Ba

A filin gidan matasa, bayan lisha,
muka shimfiɗa tabarmi, muka rataya zane biyu,
injin wuta na tari kamar tsoho mai fuka.
Ni aka ba hular jandarma,
ta kwali ce, Mutari tela ya lulluɓe ta da ƙyalle.
Bindigata kara, irin na wasan kakanni a Damagaram.

Wasan na shekarar da famfo ya yi shiru ne
daga Birni har Garin Malam,
shekarar da ƴan lakwal suka fito da bido wofi
suna kaɗa su kamar ganguna.
Rediyo ta ce an ɗan yi hayaniya.

Laminu ne Barmu. Ya sheƙo a guje, bido a hannu,
na ɗaga karana, wani a bayan zane ya bugi kwano: tau!
Laminu ya dafe ƙirji, ya juya sau biyu,
ya faɗi rigingine, ƙafafu sama.
Yara suka kwashe da dariya.

Sai tsohuwa ta miƙe daga layin mata,
Tsahara mai ƙosai ta bakin tasha.
Ta ratso mutane, takalmi ɗaya a ƙafa.
"Tashi, ɗan nan. Ba haka ya faɗi ba.
Ba gudu yake ba. Duƙawa ya yi
zai ɗauki murfin bidon,
don na ce kar ya dawo mini ba murfi.
Ta baya ta same shi."

Ta kama kafaɗar Laminu, ta durƙusar da shi,
ta kifa fuskarsa a ƙasa a hankali
kamar mai kwantar da jinjiri.
Ta juyo gare ni: "Kai kuma matso.
Bai kai nisan nan ba."

Na matso. Taku uku.
Karan ya yi mini nauyi.
Injin ya shaƙe ya mutu, ba wanda ya tashi,
sai kujera ɗaya a layin manya
da muka ji an ja baya cikin duhu.

Ta ce, "To, ku sake."
Muka sake, a hasken tocila.
Ba a yi tafi ba.

Da safe na je sayen ƙosai.
Ta zuba mini na dala ashirin, ta ƙara gyara biyu,
ba ta dube ni ba.