Sunansa a Ƙarƙashin Wani Baƙi

Ran Talata ya fita kai buhun albasa Dugwai,
ya bar rabin shayinsa a kan benci.
Ƙuda ne ya ƙarasa masa.

Masu babur suka ce an yi samame bakin gada,
duk wanda ba kati a aljihu an jefa shi mota.
Katinsa kuwa ga shi a hannuna,
cikin wandon da ya jiƙa zai wanke na tsince shi.
Hoton ya sha ruwa, kunne ɗaya ya narke.

Na fara da komisariya.
Mai tebur yana ɓare gyaɗa, bai ɗago ba.
Na ce Shafi'u. Shafi'u Ɗanlami, dogo, mai tabo a gira.
Ya lashi yatsa, ya juya shafi biyu,
ya ce da Fillanci: wala.
Kalma ce ƙarama, ko numfashi ba ta cikawa,
amma da ita na hau gangaren Domayo
kamar mai dakon dutsen niƙa.

Wurin jandarmomi aka ce mai littafi ya tafi salla.
Na jira har inuwar dalbejiya ta bar ni.
Da ya dawo, sai mabuɗi ya tafi.
Jaka biyu ta dawo da mabuɗi.
Littafin ya buɗe baki, bai san ɗana ba.

Kwana shida uwarsa tana zuba tuwo a kwano mai murfi,
in fita da shi da ɗumi,
in dawo da shi ya yi ɓawo.
Ba ta tambayata. Nauyin kwanon take ji.

Akwai ƙofa guda a bayan asibiti
da na wuce sau uku ban ƙwanƙwasa ba.
Kada ku tambaye ni wannan.

Ran na bakwai Kuluwa ta ce sai ta bi ni,
'yar aji shida, alli bai bar yatsunta ba.
Muka yanke ta yashin Mayo Kaliyawo,
takalminta a hannu, har ƙofar gidan kaso,
inda mata ke layi da ledoji,
kowace ta riƙe suna a baki kamar goro.

Gandiroba ya turo littafin, baƙi, mai yagaggen baya.
Ni da na sauke tun gemu bai fito ba,
na tsaya gaban rubutun nan kamar jaki gaban madubi.
Ya ja farce a layin da ya saba, ya girgiza kai.
Yarinya ta ɗaga dunduniya, ta ce:
Baba, su ba haka suke fara shi ba.
Ta koma baya, shafi, shafi, shafi,
ta dasa yatsa.

Chafiou.

Sun canja masa baƙin farko,
sun cire ɗaurin da ke tsakiya,
sun ƙara wutsiya, sun mai da Ɗanlami wani abu
da ko ni ban gane kaina ba.
Gefe ga lamba, ɗari huɗu da sha bakwai,
ga ranar Laraba, ga ɗaki na uku.

Wallahi dariya na yi.
Tsoho a ƙofar kurkuku yana dariya,
don ya ga ɗansa a littafin masu rai.

Ba a gani yau, sai Lahadi.
Amma sun karɓi kwanon,
suka soka tuwon da cokali, suka shige da shi.

Muka zauna gindin katanga har la'asar.
Kwanon ya fito ba nauyi, an suɗe shi tas,
an ɗaure murfin da zaren buhun albasa,
ƙulli biyu da rabi,
irin wanda na koya masa.

Kuluwa ce ta ɗauka.
Tun daga nesa take kaɗa shi sama,
don uwar ta gani.