Awon Ƙafar Hagu

Ƙarfe takwas ta gota a Sheffield,
yayyafi na ƙwanƙwasa taga ba gaggawa.
Daga ni sai allon kwamfuta a ofis,
sai ƙafar hagu ta Maureen Ogden,
haske ya yayyanka ta siriri-siriri,
ba jini, ba wayyo.

Shekara talatin da ɗaya tana rabon wasiƙu
a unguwannin da ba su san shimfiɗa ba,
hawa, gangara, hawa.
Tudu ya cinye guringuntsinta kamar gara.
Yanzu ƙashi ke gugar ƙashi
a doron ƙafa, daidai inda ake ƙulla igiyar takalmi.

Na ɗiga a nan, na ja layi zuwa can.
Gaɓar farko, ta tushen babban yatsa,
zurfinta milimita ashirin da tara,
faɗinta da kaɗan ya ɗara rabi.
Ta biyu ta maƙale tsakanin maƙwabta
kamar tubalin tsakiyar bakan gizon soro:
a zare shi, rufi ya zauna.

In na kankare sama na bar ƙasa,
yatsa zai ɗaga kai har abada.
In ƙusa ta zarce da ƙwayar gero biyu,
ta shiga gidan da ba a gayyace ta ba.

Kakana Barau, maɗori a Kankiya,
babban yatsansa ne ma'auninsa.
Ya latsa, ya yi shiru, ya ja,
sai karan dawa, tsumma da tofi.
Shi abin da ya karye yake haɗawa.
Ni jibi zan haɗe
abin da aka halitta a rabe,
in ce wa ƙashi uku: daga yau ku ɗaya ne,
motsinku ya ƙare, zafinku ma haka.
Ban san me zai ce ba.
Wataƙila ya nemi ya taɓa ƙafar tukuna.

Ɗazu ta tambaye ni,
ba batun zafi ba, ba batun tabo ba:
"Likita, auren jikata watan Yuni ne.
Zan taka rawa?"
Na ce za mu gani.
Ta ce duk haka kuke cewa.

Shi ya sa na sake awo.
Ashirin da takwas da rabi.
Na goge na farko.

A matakala, ina sauka neman motar gida,
na ji tawa ƙafar tana lanƙwasa cikin takalmi,
ƙananan ƙasusuwa na ba juna hanya,
ban taɓa yi musu sannu ba.