Bashin Gyaɗa

Sun iso Tarna da hantsi, mota uku,
tuta kore da rawaya a goshin ta gaba.
Aka lulluɓe tebur da zane, aka jera ruwan gora,
manya suka sa hannu, suka sake sa hannu,
wai yau Nijar da Barazil sun ƙara ɗanƙon zumunci.
Ni mabuɗin ɗakin iri nake riƙewa,
ba a kirana wurin tafi.

Ɗayarsu ta sulale daga taron,
baƙa kamar goggona Kuluwa ta Bagalam,
har wushiryar.
Jandira, in ji katin da ke wuyanta.
Ta tsoma hannu cikin buhun gyaɗa
ta ce wa tafinta: wannan 'yar garinmu ce.

Na yi dariya.
Gyaɗar da kakana ya biya bodo da ita?
Wadda ta kai ubana Makka,
wadda Kuluwa ke matsa tun ina rarrafe?
Ta ce jirgin ruwa ne ya kawo ta, ita da rogo,
jirgin kuwa bai koma fanko ba.

Sai ta buɗe waya ta nuna mini
wata 'yar takarda mai launin ƙasa, duk sawun ninki,
daga wuyan wani aka kwance ta a Bahiya,
shekara ɗari biyu ko kusa.
Ba ta iya karantawa.
Ni na iya.
Bisimilla ce, sai aya,
da wawu mai doguwar jela
irin na hannun Malam Tsahiru.
Tawadar ta tsaya a tsakiyar kalma
kamar an kira mai ita bai shirya ba.

Wa ya san garinsu?
Wataƙila Bakatsine ne, ɗan'uwan waɗanda suka gudo
suka sari dajin nan.
Gudunsu ya tsaya a bakin gulbi,
shi nasa ƙaddara ta kai shi bayan teku.

Na auna mata tiya guda, na tula, ban share ba.
Tafinta ya ce iri ba ya hawa jirgi sai da takarda.
To, mu ɓare a nan.
Muka zauna a dokin ƙofa muna ci,
ɓawo na taruwa tsakanin ƙafafunmu,
ba wanda ya ɗauko zancen wa ke bin wa.

Sai da direba ya yi oda sau uku ta tashi.
Ta bar mini hoton.
Da dare, bayan yara sun kwanta,
na ƙarasa masa ayar.