Guga Na Cikin Rijiya

Injin markaɗen Hajo kwana tara ya yi,
ya mutu a Mabera da tattasai a bakinsa.
Ta kai ƙara. Aka buga hatimi.

Kafin kaka aka soke dokar.
Sabon allo a ƙofar ofis, fenti bai bushe ba,
dillali na dariya a Tsohuwar Kasuwa:
wai ƙara ta bi uwarta kabari.

Modi akawu ya lashi yatsa,
ya buɗe shafin ƙarshe na sabuwar:
abin da ke tafe yana nan tafe.

"Igiya anka sauya, Hajo,
guga na cikin rijiya.
Mai yankewa kafin ya ƙulla
shi ka kwana da ƙishi."

Talata za ta dawo,
da rasit ɗinta mai maiƙo.