'Yar Mai Ɗori

Ranar Talata suka iso da shi, bayan la'asar,
a bayan a-kori-kura, naɗe da buhu da filasta
kamar ƙafar yaron da ya faɗo daga mangwaro.
Sallau direba ya ce tun daga kwazazzabon
tafiyar hawainiya yake yi,
duk ramin titi sai ya yi salati.

Muƙamuƙin kada ne, in ji masu haƙa.
Kadan da ya yi iyo inda yau sai rairayi,
ya mutu tun Dala ba ta san za a hau ta ba.

Na yanke masa rigar kaɗan-kaɗan.
Shekarun da ya yi a ƙasa sun fi ƙarfin carbi,
bai ce uffan ba,
kwana biyu a iskarmu ya fara tsagewa.
Ashe binnewa ma gata ce.

Babana mai ɗori ne a Yakasai.
Na tashi ina miƙa masa karare da tsumma,
ina jin ƙatti suna kiran uwarsu
in ya ja ƙafa ta koma gurbinta.
Yakan ce, Tasalla, ƙashi ba ya son gaggawa,
kuma ba a yi masa ƙarya.

Nawa majinyacin ba ya ihu.
Da allura nake cire masa ƙasa, ƙwaya-ƙwaya,
da burushi mai laushin gashin jariri.
In ɗiga masa danƙo, in jira ya sha,
in ƙara.
Danƙon da wani zai iya narkarwa bayan raina
idan ya fi ni sani.
Inda ɓari ya ɓace na bar giɓin,
ban cike da abin da ban gani ba.

Damina ce abokiyar gabata.
Laima ta shigo ta ƙasan ƙofa ba sallama,
gishiri ya tsiro masa kamar furfura.
An ɗauke wuta tun hantsi.
Tirela ta wuce ta Ƙofar Nasarawa,
kantoci suka yi rawa, ni ma cikina ya yi.
Na sassaƙa masa gado a soso, daidai kwanciyarsa,
haƙori goma sha ɗaya kowanne da ɗakinsa,
kowanne da lamba,
don ƙashin da ya rabu da takardarsa
dutse ne kawai.

Jiya na kawo Baba, ido ya yi rauni.
Na sa masa safar hannu, yana mita.
Ya bi tsagar da ɗan yatsa
har inda na haɗe, ya tsaya,
ya koma baya, ya sake bi.

Ya ce, wannan dai ba zai tashi ba.
Na ce, na sani.
Ya yi shiru. Can ya ce,
to amma ɗorin ya kama.

Na mayar da murfi.
Muka fito neman adaidaita
kafin hadarin nan ya sauko.