Ramin Kofur Jatau

Kakana bai taɓa cewa ya yi jarumta ba.
Cewa yake: "An ce mu tsaya, muka tsaya."

Da yamma yakan fuskanci Dutsen Mbula,
ƙafar hagu a miƙe kamar taɓarya,
yana ɓarar gyaɗa, yana ƙirga darare:
dare goma sha ɗaya bisa wani tudu a Bama,
tudun da ko suna ba shi da shi, sai lamba.

Ruwa har gwiwa a cikin rami.
Turawa a dama, biskit ɗinsu ya ƙare,
'yan Dass da 'yan Ningi a hagu,
mutum tara kan gwangwani ɗaya.
Wani yaron Bature da suke kira Jan Kunne
ya koyi "sannu" ranar Talata,
ranar Alhamis kakana ya rufe masa ido
da hannu mai warin albarushi.

Da aka busa begila, tudu yana nan.
Mutane ne suka ragu.

Ya dawo da lambar tagulla da tari.
Fansho ya kamo hanya, ya ɓata a tsakani.
Kakata Tabawa ta jefa lambar cikin kwanon maɓallai,
nan ta yi tsatsa tare da allurai.

Amma ku je gonarsa ta gindin dutse.
Ramuka ya haƙa a karkace, tafiyar maciji,
har aka ce yaƙi ya taɓa masa kai.
Damina ta sauka, ruwa ya gangaro a fusace,
ya tumɓuke dawar maƙwabta har saiwa,
ya iso ramin Jatau, ya rusuna.
An ce masa ya tsaya, ya tsaya.

Yau duk gangaren haka ake haƙa shi.
Yaran da ke riƙe da diga
ba su san wane ne Jan Kunne ba,
ba su san akwai tudu mai lamba ba.

Na ji an ce a ƙasar Turawa
akwai bangon da aka sassaƙa wa sunaye,
duk shekara a kai masa furanni.
Ban sani ba ko Jatau yana ciki.
Ni dai jiya na sassabe raminsa na uku,
na tarar da danshi a ƙasan,
alhali yau kwana ashirin rabonmu da ruwa.